Alkawarin ƙasar Kan'ana: an cika shi, ko an bar shi rabi?

Tambayar da ɗan'uwanmu ya kawo ita ce: "Joshuwa 21:43-45 ta ce Ubangiji ya ba Isra'ila dukan ƙasar da ya rantse wa kakanninsu, ko kalma ɗaya ba ta faɗi ƙasa banza ba. Amma a cikin littafin nan guda, sura 13 ta ce da sauran ƙasa mai yawa da ba a ci ba. Littafin Mahukunta ma ya jero garuruwan da suka gagare su, daga baya kuma aka kwashe su zuwa bauta. To, ina cikar alkawarin?"

Ɗan'uwa, an cika shi, sai dai ba irin cikar da yawancinmu muke ɗauka ba. Abubuwa uku ne mai karatu kan cakuɗa wuri ɗaya: ba da ƙasar, shiga a mallake ta, da ɗorewa a cikinta. Bayarwar rantsuwar Allah ce, bai rataya ta a wuyan kowa ba. Mallakar aiki ne da aka ɗora wa kabilu. Ɗorewar kuwa tana da sharaɗi tun kafin su haye Urdun. In ka raba waɗannan, yawancin ayoyin da kake gani suna karo za su zauna lafiya da juna. Akwai ɗan abin da zai rage mai wuya, za mu zo gare shi.

Maganar ta fara ne a Farawa 12:7, a Shekem. Ibrahim, wanda a lokacin ake kira Abram, ya bar Haran yana da shekara 75, ba ɗa ba jika, ƙasar kuma tana hannun Kan'aniyawa. Abin da aka ce masa shi ne zuriyarsa za a ba. Inda maganar ta zama ƙullalliyar yarjejeniya kuwa ita ce sura 15, nan ne ya yi tambaya irin taka: ta yaya zan san zan gaje ta? Allah bai tsawata masa ba. Ya ce ya kawo karsana 'yar shekara uku, akuya 'yar shekara uku, rago ɗan shekara uku, da kurciya da ɗan tattabara. Ibrahim ya tsaga dabbobin gida biyu, ya jera kowane ɓari yana fuskantar ɗan'uwansa, tsuntsayen ne kawai bai tsaga ba. Tsuntsaye masu cin nama suka yi ta saukowa yana kora, har rana ta kusa faɗuwa. A al'adar zamanin, masu ƙulla alkawari sukan ratsa tsakanin naman, wato wanda ya saɓa, abin da ya sami dabbar nan ya same shi. Irmiya 34:18-20 ta nuna manyan Yahuza sun yi haka da ɗan maraƙi. Amma a daren nan barci mai nauyi ya ɗauke Ibrahim, abin da ya ratsa kuwa tukunyar wuta ce mai hayaƙi da harshen wuta, alamar Allah da kansa. Ibrahim bai taka ba. Nauyin rantsuwar duka a gefe ɗaya ya faɗa.

A cikin daren nan ne kuma aka faɗi jinkirin, abin da mutane suke yawan tsallakewa. An gaya masa zuriyarsa za su yi baƙunci a ƙasar da ba tasu ba, za a bautar da su, a wahalshe su shekara 400, sai a tsara ta huɗu su komo. An kuma ba da dalili: muguntar Amoriyawa, mazaunan ƙasar, ba ta kai maƙura ba tukuna (15:16). Ke nan daɗewar ba mantuwa ba ce, tana cikin yarjejeniyar tun ranar da aka ƙulla ta. Fitowa 12:40 ta ba da lissafin zaman a shekara 430.

Shi Ibrahim me ya samu a hannu? Kabari. Da Saratu ta rasu a Hebron tana da shekara 127, sai da ya je ƙofar gari ya durƙusa wa Hittiyawa, ya kira kansa baƙo mai zaman aro, ya nemi su sayar masa da wurin binnewa. Efron, mai filin, ya fara da cewa ya ba shi kyauta, irin ta bakin kasuwa, sannan ya sako farashin a cikin zance: shekel 400 na azurfa. Shekel guda yana kusa da giram 11, don haka azurfar ta kai kusan kilo huɗu da rabi, kuɗi ne mai tsoka a kan saura ɗaya da kogo. Ibrahim bai taya ba, ya auna ya biya a gaban shaidu, Farawa 23 kuma ta lissafta abin da cinikin ya ƙunsa: saurar, kogon Makfela, da dukan itatuwan da suke cikin iyakar. Yakubu ma ya sayi fili a Shekem daga 'ya'yan Hamor (33:19). Filin nan ne aka binne ƙasusuwan Yusufu a ciki bayan ɗaruruwan shekaru (Joshuwa 24:32), domin ya sa 'yan'uwansa sun rantse za su tafi da su ranar da Allah zai fisshe su. Mutanen da aka yi wa alkawarin baki da baki sun mutu ba su da komai sai makabarta, kuma ba su ɗauki wannan saɓa alkawari ba.

Yanzu batun iyaka, wanda shi ne ke rikita lissafi. Ba bayani ɗaya ba ne a Littafi. Farawa 15:18 ta ce daga kogin Masar zuwa babban kogi Yufiretis. Fitowa 23:31 ta zo da kwatanci mai faɗi irin wannan. Amma Littafin Ƙidaya 34, wanda shi ne aka ba Musa domin rabon gado, ya fi tsukewa, ya kuma bi gari-gari: kudu daga ƙarshen Tekun Gishiri ta Kadesh-barneya zuwa rafin Masar, yamma Bahar Rum, arewa ta mashigin Hamat zuwa Hazar-enan, gabas ta gangaro gefen Tekun Kinneret ta bi Urdun ta koma Tekun Gishiri. Sai kuma kwatancin yau da kullum, daga Dan zuwa Biyer-sheba, tazarar da ba ta wuce kilomita 240 ba. Fahimtar da ta fi dacewa da nassin ita ce, iyakar Littafin Ƙidaya ta wurin zama ce da rabon gonaki, ta Yufiretis kuwa matuƙar inda ikonsu zai iya kaiwa ce. Maimaitawar Shari'a 19:8-9 ta goyi bayan wannan, domin ta yi maganar faɗaɗa iyaka a matsayin abin da zai zo daga baya, in sun kiyaye umarni.

Akwai kuma ƙasashen da aka hana su taɓawa. A Maimaitawar Shari'a 2, Allah ya ce Seyir ya ba zuriyar Isuwa, Mowab da Ammon kuwa ya ba zuriyar Lutu, ko tafin ƙafa ba zai ba Isra'ila daga ƙasar Isuwa ba, abinci da ruwa ma su saya da kuɗi. Wanda ya yi wa Ibrahim alkawari yana riƙe da na waɗansu ma. A ɗaya gefen, ƙasar sarki Sihon da ta sarki Og a gabashin Urdun ba ta cikin iyakar Ƙidaya 34, duk da haka Ra'ubainu da Gad da rabin Manassa suka same ta. A wannan kusurwar an samu fiye da abin da aka zana.

Saurin shigar ma an faɗe shi tun a Sinai. Fitowa 23:29-30 ta ce ba za a kori mazaunan a shekara ɗaya ba, don kada ƙasar ta zama kufai namomin jeji su yi yawa, sai kaɗan-kaɗan har jama'a su yawaita. Dalili ne na manomi: gonar da aka bari ba mai nome ta, daji ne zai cinye. Sai kuma jinkirin da su suka jawo wa kansu. A Kadesh-barneya an aiki 'yan leƙen asiri 12, suka yi kwana 40, goma suka dawo suka karya zuciyar jama'a, aka yanke musu shekara 40 a jeji, shekara guda a kan kowane kwana. Duk mai shekara 20 zuwa sama ya mutu a can, ban da Kalibu da Joshuwa. Maƙwabcinka Musulmi ya san wannan labari, domin Suratul Ma'ida, aya 21 zuwa 26, ta kawo umarnin Musa na shiga ƙasa mai tsarki, da ƙin da suka yi, da mutum biyu masu tsoron Allah, da shekara arba'in ɗin. Abin dubawa a nan shi ne, ƙidayar farko da Musa ya yi wa jama'ar ta ba da mayaƙa 603,550, ta biyu bayan tsarar ta ƙare ta ba da 601,730. Tsara guda ta yi asarar rabonta, alkawarin kuwa ya tsallaka kan 'ya'yansu da kusan adadi ɗaya.

Yaƙin Joshuwa bai ƙare a 'yan makonni ba, ko da yake karatun surori 6 zuwa 11 yakan sa mutum ya zaci haka. Sura 11:18 ta ce an daɗe ana yi. Ana iya lissafawa daga bakin Kalibu: yana da shekara 40 aka aike shi leƙen asiri, yana da 85 ya zo neman Hebron, shekara 45 ke nan. Cire 38 da aka yi daga Kadesh zuwa rafin Zered (Maimaitawar Shari'a 2:14), saura kamar bakwai. A cikinsu aka ci sarakuna 31 da sura 12 ta jero, kowannensu sarkin birni guda ne da ƙauyukansa.

Rabon kansa yana da tsari. Littafin Ƙidaya 26:52-56 ya sa ƙa'ida biyu: babbar kabila ta sami babban rabo, ƙarama ƙarami, amma wurin da kowa zai faɗa kuri'a ce za ta nuna. Ele'azara firist da Joshuwa da shugaba ɗaya daga kowace kabila ne masu rabon. Yahuza da Ifraimu da sauran rabin Manassa suka karɓi nasu da fari. Kabila bakwai kuwa suka yi zamansu, har Joshuwa ya tara su a Shilo ya tambaye su sai yaushe za su daina ragwanci su shiga ƙasar da Ubangiji ya riga ya ba su (18:3). Ya sa aka fitar da mutum uku-uku daga kowace kabila, suka zaga ƙasar, suka rubuta ta gari-gari a littafi kashi bakwai, suka kawo aka jefa kuri'a a gaban alfarwa ta sujada. Saminu, wanda yawansa ya faɗo daga 59,300 zuwa 22,200, aka yanka masa daga cikin rabon Yahuza, domin na Yahuza ya yi masa yawa. Lawiyawa ba su sami yanki ba, sai garuruwa 48 da makiyayarsu a warwatse cikin kabilu, shida daga ciki biranen mafaka ne. 'Ya'yan Zelofehad mata biyar, da yake ubansu bai bar ɗa namiji ba, suka tsaya suka karɓi gado tare da 'yan'uwan ubansu kamar yadda Musa ya yanke.

Ka lura da wurin da ayoyinka suka zauna. Joshuwa 21:43-45 ta zo ne bayan an gama rabon nan, ita ce rufin sashen da 13:1 ta buɗe. Marubucin da ya ce ba kalmar da ta faɗi shi ne ya rubuta cewa yankunan sarakunan Filistiyawa biyar (Gaza, Ashdod, Ashkelon, Gat da Ekron) da ƙasar Sidoniyawa da Lebanon ba a ci su ba. Shi ne ya ce Yahuza bai iya korar Yebusiyawa daga Urushalima ba (15:63), Ifraimu bai kori mutanen Gezer ba (16:10). Ba mantuwa ya yi tsakanin sura da sura ba. A 13:6 an umarci Joshuwa ya raba har wuraren da ba a ci ba tukuna. Kamar uba ne da ya tara dattawa ya nuna wa kowane ɗa gonarsa, aka kafa alamar iyaka, alhali rabin gonar wani daji ne da kututture. An ba shi, ba mai musu, amma sassaben nasa ne. Kusan haka Joshuwa ya faɗa wa zuriyar Yusufu da suka zo ƙorafin rabonsu ya yi kaɗan: tunda kuna da yawa, ku hau kurmi ku sare ku share wa kanku (17:14-18).

Abu na biyu shi ne salon rubutun yaƙi na zamanin. In rahoto ya ce an ci "dukan ƙasar" ko "ba a bar kowa ba", yana nufin an karya ƙarfin abokin gaba, ba a ƙirga gidaje ɗaya-ɗaya ba ne. Littafin da kansa ya nuna haka: sura 10 ta ce an hallaka Hebron da Debir, sura 15 kuma ga Kalibu yana korar 'ya'yan Anak uku daga Hebron, Otniyel yana cin Debir. Rundunar Joshuwa takan ci gari ta koma sansani a Gilgal, waɗanda suka tsere su dawo. Masarawa ma haka suke rubutu. Dutsen Fir'auna Mernefta, na wajen shekara ta 1208 kafin haihuwar Almasihu, wanda yake gidan tarihi a Alkahira, ya yi iƙirarin an shafe Isra'ila ba ta da sauran iri, ga shi kuwa ita ce ta ci gaba da zama a ƙasar. Wannan dutse ne mafi tsufan rubutu a wajen Littafi Mai Tsarki da ya ambaci Isra'ila a Kan'ana.

To me ya hana kabilun ƙarasa aikin? In ka ɗora jerin Mahukunta 1 a kan taswira, za ka ga kusan duk garuruwan da suka gagara a kwari suke ko a bakin teku: Bet-sheyan, Ta'anak, Megiddo, Ibleyam, Dor, Akko, Sidon, Gezer. Isra'ilawa da ƙafa suke yaƙi, kan tuddai suna da galaba, amma a fili karusan ƙarfe na Kan'aniyawa sun fi ƙarfinsu (1:19). Wannan uzuri ne na gaske, sai dai bai isa ba, domin a zamanin Debora da Barak an fatattaki karusa 900 na Sisera, sarkin yaƙin Kan'aniyawa, a kogin Kishon. Ayar da ta tona asirin ita ce 1:28: da Isra'ila suka yi ƙarfi, sai suka sa Kan'aniyawa aikin gandu, ba su kore su ba. Da fari kasawa ce, daga baya ta zama riba. Kabilar Dan kuwa ba ta iya riƙe rabonta ba, Amoriyawa suka matse ta a kan tudu, mutum 600 suka yi arewa suka ci Layish suka sa mata sunan Dan. Shi ya sa a Bokim aka ce musu Allah ba zai karya alkawarinsa ba har abada, amma tunda sun ƙulla amana da mazaunan suka bar bagadansu, ba zai ƙara kore su ba (2:1-3). Magana biyun a numfashi ɗaya aka faɗe su.

Batun Yufiretis sai zamanin Dawuda da Sulemanu. Dawuda ya ƙwace Urushalima daga Yebusiyawa, ya ci Hadadezer sarkin Zoba, ya kafa sansani a Dimashƙu, sarkin Hamat kuma ya aiko masa da gaisuwa da kyautai. 1 Sarakuna 4:21-24 ta ce Sulemanu yana da iko daga kogin Yufiretis zuwa iyakar Masar, daga Tifsa har Gaza, ana kawo masa haraji. Kada a ƙara wa wannan gishiri. Mulkin karɓar haraji ne, ba Isra'ilawa ne suka zauna a Suriya ba, aya ta 25 ta mai da wurin zamansu Dan zuwa Biyer-sheba. Taya tana hannun Hiram, aminin Sulemanu. Gezer ma Fir'auna ne ya ci ta ya ba 'yarsa, matar Sulemanu, a matsayin gara. Duk da haka, ranar keɓe Haikali Sulemanu ya maimaita maganar Joshuwa, cewa ba kalma ɗaya da ta kasa daga abin da aka alkawarta ta bakin Musa (8:56).

Bautar da ka ambata ita ce ta fi nauyi, amsarta kuma tana cikin Littafin Firistoci 25:23: ƙasar ta Ubangiji ce, su baƙi ne masu zama a wurinsa, don haka ba a sayar da ita har abada. Dokokin ƙasa duka daga nan suka tsiro. Kowace shekara ta bakwai gona ta huta. A shekara ta hamsin kowa ya koma gadonsa. Abin da ake kira sayar da gona jingina ce a zahiri, farashin kuma gwargwadon yawan girbin da ya rage kafin shekara ta hamsin ne. Dangi na kusa yana da hakkin fansa. Gida a birni mai garu kuwa shekara ɗaya ce tak damar fansarsa, in ta wuce ya tafi. Mai kawar da alamar iyakar maƙwabcinsa la'ananne ne. Da wannan za ka gane Nabot, da sarki Ahab ya yi masa tayin gonar inabi mafi kyau ko kuɗi ya ƙi, ya ce Allah ya sawwaƙe ya ba da gadon kakanninsa. Ba taurin kai ba ne, ba shi da ikon sayarwa. Yezebel, matar Ahab, ta sa aka yi masa shaidar zur aka jajjefe shi. Ishaya 5:8 da Mika 2:1-2 sun nuna ƙwacen gonaki ya zama ruwan dare a hannun masu ƙarfi.

Gargaɗin a bayyane yake. Littafin Firistoci 18:28 ya ce in sun ƙazantar da ƙasar za ta amayar da su kamar yadda ta amayar da na gabansu. Maimaitawar Shari'a 9:4-6 ta riga ta ce ba don adalcinsu aka ba su ba. Hukuncin da aka yi wa Kan'aniyawa abu ne mai ɗaga hankali, bai kamata a karanta shi da murna ba, amma ma'aunin bai sake ba da aka zo kan Isra'ila. Joshuwa da kansa, bayan ya ce kowace kyakkyawar magana ta cika, bai ajiye numfashi ba ya ƙara da cewa haka ma kowace mummunar magana za ta cika in sun bi gumaka, har a kawar da su daga ƙasar (23:14-16). Mai wa'azi da ya tsaya a aya ta 14 ya yanke maganar a tsakiya. Wajen shekara ta 732 kafin Almasihu Tiglat-filesar na Assuriya ya kwashe Galili da Gileyad, a 722 Samariya, babban birnin kabilun arewa, ta faɗi, a 597 Nebukadnezzar na Babila ya tafi da sarki Yekoniya da manyan Urushalima, a 586 aka ƙone birnin da Haikali. Wannan ma cikar magana ce.

To ina "madawwamiyar mallaka" ta Farawa 17:8? Littafin Firistoci 26:40-45, wanda ya yi barazanar warwatsawa, shi ne ya ce ko suna ƙasar maƙiya Allah ba zai yashe su ya karya alkawari ba, zai tuna da Yakubu da Ishaku da Ibrahim, zai tuna da ƙasar. Mafi kyawun shaidar wannan tana Irmiya 32. Shekara ta goma ce ta mulkin Zadakiya sarkin Yahuza, sojojin Babila sun kewaye Urushalima, Irmiya kuma yana tsare a filin matsara na fada. Sai ga Hanamel, ɗan baffansa, ya zo yana cewa ya sayi gonarsa ta Anatot tunda hakkin fansa nasa ne. Gona a ƙasar da abokan gaba suke takawa, wa zai saya? Irmiya ya auna shekel 17 na azurfa a ma'auni, ya sa hannu a takarda, aka liƙe ta da hatimi, ya kira shaidu. Takardun biyu ne, liƙaƙƙiya da buɗaɗɗiya. Ya miƙa wa Baruk, magatakardansa, a gaban kowa, ya ce ya sa su a tukunyar ƙasa don su daɗe, gama za a sake sayen gidaje da gonaki da gonakin inabi a ƙasar nan. Annabin da ya fi kowa shelar faɗuwar birnin shi ne ya zuba kuɗinsa a kan komowa.

Sun kuwa komo. Sairus na Farisa ya ci Babila a 539 kafin Almasihu, a shekararsa ta fari ya ba da izini, Ezra 2:64 ta ƙirga jama'ar 42,360, aka gama Haikali na biyu a shekara ta shida ta Dariyus sarkin Farisa, wajen 516. Daga rushewa zuwa ginawa shekara 70 ke nan, adadin da Irmiya ya faɗa, ko da yake waɗansu malamai suna fara ƙirgar daga 605. 2 Tarihi 36:21 ta ce a waɗannan shekaru ƙasar ta ci hutun da aka hana ta.

Ga ɗan abin da na ce zai rage. Komowar ƙarama ce. Yahudiya ta zama ɗan lardi a kewayen Urushalima ƙarƙashin Farisa, kabilun arewa ba su koma yankunansu kabila-kabila ba. Addu'ar Nehemiya 9 ta riƙe gaskiya biyun ba ta saki ɗaya ba: a aya ta 8 ta ce Allah ya cika maganarsa ga Ibrahim domin shi mai adalci ne, a aya ta 36 kuma ta ce ga mu bayi ne a ƙasar da ka ba kakanninmu. Manyan hotunan annabawa, irin sabon rabon ƙasa na Ezekiyel 47 da 48, ba a gan su a zamanin Ezra ba.

Daga nan ne malaman Kirista suka rabu, gara kuma ka san rabuwar. Waɗansu suna cewa tunda zama har Yufiretis bai taɓa tabbata ba, akwai sauran cika ta zahiri ga Yahudawa nan gaba, wasunsu ma suna haɗa wannan da kafuwar ƙasar Isra'ila a 1948. Waɗansu suna cewa an cika na ƙasa a zamanin Joshuwa da Sulemanu, Sabon Alkawari kuwa ya faɗaɗa gadon: Romawa 4:13 ta kira Ibrahim magajin duniya, Ibraniyawa 4:8 ta ce hutun Joshuwa ba shi ne na ƙarshe ba, 11:16 kuma ta ce kakannin suna begen ƙasa mafi kyau. A ganina ta biyun ta fi tafiya da yadda manzanni suka karanta Farawa, amma Romawa 11 ba ta bar wurin cewa Allah ya gama da Yahudawa ba. Ko wanne ka bi, Joshuwa 21 tana magana ne a kan Isra'ila ta dā, ba za ta yanke maka hukuncin rikicin iyaka na yau ba. A rabon Ezekiyel ɗin ma, sura 47:22-23 ta umarta a ba baƙin da suka zauna suka haifi 'ya'ya a ƙasar gado tare da kabilar da suke zaune a cikinta, ayar da ɓangarorin biyu ba su cika kawo ta a muhawara ba.